MADUBIN LIKITA DA IYAKAR GANINSA

Ni tsohon ɗalibin wannan kwaleji ne. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar firamare a unguwar Fezzan, cikin birnin Maiduguri. Ga wanda bai san wurin ba, tsohuwar unguwa ce a tsakiyar gari, ta sami sunanta daga fataken Fezzan ta kudancin Libiya, waɗanda tun zamanin da su ke ƙetaro hamada su kawo wa Barno takarda da madubai da duwatsun ado. Abin da zan ba ku labarinsa shi ma madubi ne, amma irin wanda a ke duba ƙananan halittu da shi, watau madubin likita. Na taɓa shan kunya a kansa a gaban aji guda cur, ba na kuwa so waninku ya sha irinta.

KUNYAR DA NA SHA

Cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni masu yawa na Maiduguri, har ya shiga fadar Shehu. Da ruwa ya janye, ma'aikatan lafiya suka yi ta gargaɗi a riƙa tafasa ruwan sha, ko a sa masa magani. Sa'ad da muka koma makaranta na maimaita wa yara wannan gargaɗi, sai suka ce, "Malam, ruwanmu fari ne tas, me ke cikinsa?"

Na ce a raina, gani ya kori ji. Na tafi wani kanti na sayo wani ɗan madubi na roba, an rubuta a jikin kwalinsa wai yana ƙara girman abu sau 1,200. Kashegari na ɗiga ruwan kwata, na sa yara suka yi layi. Kowa ya leƙa ba ya ganin kome sai hazo mai launi-launi da inuwar gashin idonsa. Wani yaro mai baki ya ɗago kai ya ce, "Malam, ka gani, ko a ruwan kwata ma babu kome." Aji ya fashe da dariya. Ashe na kashe kuɗina ne na koya musu kishiyar abin da na yi nufi.

Da maraice na ɗauki madubin na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana aikin duba jini a asibiti kafin ya yi ritaya. Na ce, "Baba, ko na lalata shi ne?" Ya jujjuya shi, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, ba ka lalata kome ba, araha ce ba ta ado. Ka sayi girma, ba ka sayi gani ba." Ya shiga ɗaki ya fito da nasa tsohon madubi na ƙarfe cikin akwatin katako. Abin da ke biye duka a gindin wannan madubi na fara koyonsa, sa'an nan na ƙara da karatu.

YADDA GILASHI KE ƘARA GIRMA

Tun wajen shekara 1,000 da ta wuce wani masani mutumin Basra, Ibn al-Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, sa'an nan a gani. To, in haske ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi a karkace, sai ya tanƙware. Shi ya sa in ka tsoma kara a ƙwaryar ruwa ka kan ga kamar ya karye. Gilashin da ke da tudu a tsakiya ya kan tanƙwaro haske ya tara shi wuri guda.

Idon mutum ba ya ganin abu sarai in ya matso kusa fiye da kamar santimita 25, watau inci 10. Aikin gilashi mai tudu shi ne ya ba ka damar kusantar abu ƙwarai, kuma ka gan shi sarai. Kana iya auna ƙarfin kowane irin gilashin nan da kanka. Riƙe shi a rana bisa ƙasa, ka yi ta ɗagawa da saukarwa har hasken ya taru ya zama ɗan ɗigo. Auna tazarar da ke tsakanin gilashin da ɗigon da milimita, sa'an nan ka raba 250 da ita. In tazarar milimita 50 ce, gilashin na ƙara girma sau 5. In 25 ce, sau 10. Amma fa ka ja kunnen yara: ɗigon nan yana ƙona hannu yana ta da gobara, wanda kuwa ya dubi rana ta cikin gilashi yana iya makancewa.

Ka lura, gwargwadon ƙanƙantar gilashi da tsananin tudunsa, gwargwadon ƙarfinsa. Wani mai sayar da tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, da ɗan gilashi guda ɗaya wanda bai fi ƙwayar gero ba ya ga ƙananan halittu suna iyo a ruwan tafki cikin 1674. Ɗaya daga madubansa da suka saura har yau yana ƙara girma kusan sau 270. Kai ma kana iya gwada dabararsa ba da ko kwabo ba. Huda marfin gwangwani da ƙusa siririya, ka ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a ramin, ka kai idonka kusa, ka dubi zaren tufa ko rubutun jarida. Ɗigon ruwan nan ya zama gilashi.

MADUBI MAI IDO BIYU

Madubin likita na sosai gilasai kashi biyu gare shi. Akwai idon ƙasa, wanda ke kusa da abin da a ke dubawa, shi ke yin surar farko. Akwai idon sama, inda ka ke ɗora naka idon, shi kuma ya ƙara wa wannan sura girma. Yawancin maduban suna da idanun ƙasa 3 ko 4 a bisa wani faifai mai juyawa, an rubuta musu 4, da 10, da 40, da 100. Idon sama kuwa galibi 10 ne. In kana son jimlar girma, sai ka riɓa lambar sama da ta ƙasa: 10 sau 40 ya zama 400, 10 sau 100 ya zama 1,000.

A ƙarƙashin ɗan teburin da a ke ɗora allon gilashi akwai fitila, ko madubin fuska mai kifto haske. Tsakaninsu da teburin akwai wani gilashi mai tattara haske, da wata 'yar ƙofa da a ke buɗewa a ke tsukewa. A gefe kuma akwai abin murɗawa biyu, babba na kusantarwa da sauri, ƙarami na daidaitawa. Kullum ka fara da ƙaramin ido, ka nemo abin, ka kawo shi tsakiya, kana ka juya zuwa babba. In ka kai ga na 40, kada ka ƙara taɓa babban abin murɗawa, don kada ido ya daki allo, duka biyu su lalace.

GIRMA DABAM, RARRABEWA DABAM

Ga inda na yi kuskure, nan ne kuma zuciyar wannan darasi. In ka hura balan-balan mai rubutu a jiki, rubutun zai yi girma, amma ba harafi ko ɗaya da zai ƙaru. Haka madubi ya ke. Abin da a ke nema gare shi shi ne rarrabewa, watau ya nuna maka ɗigo biyu da ke dab da juna a matsayin biyu, kada su narke su zama ɗaya.

A wannan sha'ani da maikiron a ke awo, shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai bai cika wuce maikiron 100 ba, nan ne kuma kusan iyakar abin da ido tsirara ke rarrabewa. Ƙwayar jan jini maikiron 7 ce zuwa 8.

Cikin 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, wanda ke aiki tare da Carl Zeiss a garin Jena, ya nuna cewa abu biyu ne ke yanke iyakar rarrabewa: tsawon igiyar hasken kansa, da kuma faɗin bakin da idon ƙasa ke kwasar haske da shi. Ɗauki idon ƙasa na madubin kirki ka duba jikinsa, za ka ga lamba biyu jere, kamar 10/0.25, ko 40/0.65, ko 100/1.25. Ta farko girma ce. Ta biyu ita ce lambar faɗin baki, ita ce kuwa mai daraja. Ido mai 0.25 ya kan rarrabe abin da ya ɗara maikiron 1 kaɗan. Mai 0.65 ya kan kai rabin maikiron. Mai 1.25 ya kan kai kamar rubu'in maikiron. Ba madubin haske na yau da kullum da ke wuce kimanin maikiron 0.2, kome tsadarsa.

Ga wata doka mai sauƙin riƙewa. Riɓa lambar faɗin baki da 1,000, abin da ya fito shi ne iyakar girma mai amfani. Ido mai 0.65 ba ya ba da wani sabon abu bayan sau 650. Duk abin da aka ƙara bisa wannan hazo ne a ke hurawa. Madubin roba da na saya ba shi da wannan lamba ko kaɗan. Saboda haka in za ka saya wa makaranta madubi, kada ka dubi babbar lambar da ke jikin kwali, dubi ƙaramar da ke jikin ido. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Maganar mai kuwa, idon 100 ba ya aiki sai da shi. A kan ɗiga wani mai na musamman tsakanin allo da ido, domin man nan yana tanƙwara haske daidai da gilashi, sai hasken ya wuce kai tsaye bai watse a iska ba. Kada a musanya shi da man gyaɗa ko na inji, kada kuma a bari ya taɓa idon 40.

ABIN DA KOWANE IDO KE NUNAWA

Da gilashin hannu mai sau 10 yara za su ga tsutsar sauro sarai. Ta sauron da ke kawo zazzaɓi ta kan kwanta a miƙe dab da fuskar ruwa, ta sauron kwata kuwa ta kan rataye kai ƙasa. Za su kuma ga wani ɗan ƙwaron ruwa mai kamar milimita 1, mai tafiya da tsalle-tsalle, irin wanda ke ɗauke da tsutsar kurkunu. Girmansa ne ya sa tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ido ya ke tsare shi, wannan dabara kuwa tana cikin abin da ya taimaka har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu cikin 2013.

Da sau 100 za ka ga ɗakunan fatar albasa jere kamar tubali, musamman in ka ɗiga musu aidin. A nan ne kuma ma'aikatan asibiti ke ganin ƙwan tsargiya cikin fitsari, mai tsawon kamar maikiron 150, da ɗan tsini a ƙarshensa. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira cikin 1851. Ba kuwa kowace ƙaramar halitta ce abokiyar gaba ba. Koren abin nan da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na gabashin Tafkin Chadi, su shanya, su sa a miya, wanda su ke kira dihe, a ƙarƙashin madubi zare ne kore mai murɗe-murɗe, abinci ne kuma mai gina jiki.

Da sau 400 a ke ganin ƙwayoyin jini. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro kuwa, wadda Alphonse Laveran ya fara gani a Aljeriya cikin 1880, tana zaune ne cikin ƙwayar jan jini, sa'ad da ta ke ƙarama ba ta wuce maikiron 2 ba. Don a gane ta sosai sai an rina jinin da rinin Giemsa, an duba da sau 1,000 da mai, mai duban kuma ya ƙware.

Akwai kuma waɗanda madubin haske ba ya gani sam. Ƙwayar cutar shan inna maikiron 0.03 ce kacal. Sai madubi mai aiki da lantarki maimakon haske, irin wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus cikin 1931. Ga shi kuwa mu a Barno mun san ɓarnarta, gama a jiharmu aka sami na ƙarshe da asalin cutar ta kama a Afirka ta Yamma cikin 2016.

ƊAUKAR HOTO

Madubi ɗaya ba ya isar aji, yaro kuma ya kan ce ya gani alhali bai ga kome ba. Maganin wannan shi ne hoto, wayar da ke aljihunka kuwa ta isa. Daidaita madubi da idonka tukuna. Sa'an nan ka kawo idon kyamarar waya daidai inda naka idon ya ke tsayawa, kamar faɗin yatsa bisa idon sama. Za ka ga ɗan da'irar haske, sai ka matsa a hankali har ya cika fuskar wayar. Hannu yana rawa, saboda haka ka yanka kwali ko katako ka yi wa wayar mazauni, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 3. Jawo hoto da yatsa biyu ba ya ƙara kome, hura balan-balan ne.

Hoton da ba shi da ma'auni rabin hoto ne. Ɗora rula mai garai-garai a ƙarƙashin idon 4, ka ƙidaya milimita nawa suka shiga da'irar. In an rubuta 10/18 a idon sama, za ka sami milimita 4.5. A idon 10 zai zama 1.8, a na 40 kuma 0.45. Da wannan yaro zai iya kimanta girman abin da ya gani, ga lissafi ya shigo cikin kimiyya.

Abin da ya fi ƙarfin madubi girma, kamar sauro ko fure ko ƙwayar hatsi, hoton kusa a ke yi masa. Akwai ɗan gilashi da a ke maƙala wa waya don haka, ko ka riƙe gilashin hannu a gabanta. Mai babbar kyamara wadda a ke cire wa ido ya kan sa waɗansu zobba tsakanin ido da jikin kyamara, gama gwargwadon nisan ido daga jiki, gwargwadon kusantar da zai iya yi. Ido mai tazarar milimita 50, in aka sa masa zobba na milimita 50, ya kan ɗauki abu daidai girmansa, amma sai ya bukaci haske ninki 4.

Babbar wahalar hoton kusa ita ce, wurin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai, sau da yawa bai kai milimita 2 ba. In kan sauro ya fito, sai ƙafafunsa su dushe. Dabara ita ce ka ɗauke shi daga gefe, jikinsa duka ya yi nisa ɗaya da kyamara. Ta haka ne ma za a ga alamar sauron zazzaɓi, wanda ke ɗaga gindi sama in ya sauka, saɓanin na kwata mai kwanciya daidai da bango. Tsuke ƙofar haske yana taimako, amma in ka tsuke ta ainun hoton duka ya kan yi laushi. Rana tsaka kuma tana sa ƙyalli da baƙar inuwa, sai ka tare ta da farin ƙyalle ko farar takarda.

KULA DA KAYA

Mu nan abokan gabanmu biyu ne, ƙurar hunturu da laimar damina. Ƙura yashi ce, in ka goge ta da bakin riga ka karce gilashi har abada. Hure ta tukuna, kana ka shafa da takarda mai laushi ta goge gilashi. Laima kuwa ta kan sa fumfuna ta tsiro a cikin ido, saboda haka a ajiye madubi a akwati busasshe, a rufe. A goge mai da zarar an gama. A ɗauki madubi da hannu biyu. Inda wuta ba ta tsayawa, mai madubin fuska ya fi, amma a kifto hasken sararin sama ko na farin bango, ba rana kanta ba.

Kada malami ya tsaga yatsan yaro don neman jini, kada kuma ya mai da kansa likita. Roƙi ma'aikatan asibiti tsohon allo da aka riga aka rina. Ruwan kududdufi a ɗebo shi da ludayi, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Makarantar da ba ta da halin sayen babban madubi tana iya neman irin na takarda, Foldscope, wanda Manu Prakash da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka suka fito da shi cikin 2014. Yana ƙara girma sau 140, yana rarrabe maikiron 2, watau jikan madubin Leeuwenhoek ne.

NA KOMA AJI

Bayan mako biyu Baba ya ara mini madubinsa, ya ce in mayar kafin magariba. Na ɗiga ruwan kwatar nan, na sa idon 10, na ɗora waya. Yara suka taru, sai ga halittu suna kai da kawowa, wani na juyi, wani na miƙewa yana tsukewa. Aji ya yi tsit. Yaron nan mai baki ya ce a gwada ruwan randarsu. Muka gwada, ba mu ga kome ba. Ya ce, "To, Malam, namu dai lafiya lau."

Da a ce ban zauna gindin Baba ba, da na amsa masa da i, in sake yin ɓarna ta biyu wadda ta fi ta farko. Sai na sa shi lissafi a allo. Ɗigo 20 ke yin mililita 1. Kofi mai mililita 250 ɗigo 5,000 ke nan, mu kuwa ɗaya muka duba, shi ma ba dukansa ba. Ƙwayar kwalara tsawonta kamar maikiron 2 ne, kaurinta rabin maikiron, ba ta da launi, idon 10 ba zai nuna mana ita a gane ba. Masu gwajin ruwa ma ba leƙe kaɗai su ke yi ba, sai sun reni ƙwayoyin a ɗakin gwaji sun yi yawa tukuna. Na ce masa, "Madubi in ya nuna maka abu, to, akwai shi. In bai nuna ba, bai ce babu ba." Ya yi shiru, can ya ce zai gaya wa innarsa a ci gaba da tafasawa.

To, 'yan'uwa masu shirin fita koyarwa, in Allah ya haɗa ku da madubi, ku koya wa yara abu biyu tare: abin da ya ke nunawa, da inda ganinsa ya ƙare. Wanda ya koyar da na farko ya bar na biyu, ya bar yaro da sakankancewar da za ta iya kai shi asibiti. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.